Wa ke tsaya wa tsoho a babban birni?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wata magana da ni da yayana muka kasa daidaitawa a kanta, shi ne na ce bari in kawo ta nan. Shi a ganinsa babban birni ba wurin zaman tsoho ba ne, domin mutanen birni ba su da tausayi, kowa ta kansa yake yi, tsoho zai faɗi a bakin titi a tsallake shi a wuce. Ni kuma abin da nake ji daga bakin mahaifinmu ya saɓa wa haka. Ya haura shekara 75, yana fita shi kaɗai, ya hau bas, ya je asibiti, ya je banki. Da wuya mu yi waya bai ambaci wani da bai sani ba: wadda ta tashi ta ba shi kujera, wanda ya karanta masa rubutun jikin kwalbar magani, yaron da ya tsaya kusa da shi har motoci suka tsagaita suka tsallaka tare. Bai san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. To, sa'a yake yi, ko kuwa haka abin yake? Ku da kuke zaune a manyan birane, me kuke gani da idonku?

Nura:
Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Amma gaskiya ni ina bayan yayanki. Na sha ganin dattijo tsaye a cikin bas, matasa na zaune kowa ya sunkuyar da kai yana danna waya. Wanda ya tashi ɗin nan da Baba ke ba ki labari, mutum ɗaya ne cikin talatin. Sauran fa?

Malam Habu Direba:
Nura ƙanina, kujera ɗaya tsohon nan yake buƙata. In mutum ɗaya ya tashi, magana ta ƙare. Ni bas nake tuƙawa a cikin gari shekara da shekaru, kuma ta madubi ina ganin duk abin da ke faruwa a bayana. Da wuya ƙwarai dattijo ya wuce tasha biyu a tsaye ba wanda ya motsa. Galibi ma ba wanda kake zato ke tashi ba. Sai ka ga yaro da abin jin kiɗa a kunne ya miƙe tsam bai ce uffan ba ya koma can baya, mai manyan kaya kuwa yana zaune yana kallon taga.

Ni damuwata tana wani wuri dabam: tsakanin lokacin da tsoho ya ɗora ƙafa a matakala da lokacin da ya zauna. In na ja mota a wannan tsakanin faɗuwa zai yi, don hannunsa ɗaya na riƙe da sanda ɗayan na riƙe da jaka. Saboda haka nakan taka birki in jira. A nan ne za ka ji tsaki daga baya, wani ya ce direba mu tafi mana, mun makara. Mutumin da zai ba tsoho kujerarsa da zuciya ɗaya, shi ɗin ne ba zai iya ba shi sakan 20 ba.

Malam Jamilu:
Maganar Malam Habu ta zo daidai da abin da masu bincike suka gano. Wannan tunanin na cewa mutanen birni sai kallo ba taimako, ya bazu ne bayan kisan wata mata mai suna Kitty Genovese a New York a 1964. Jarida ta buga cewa mutum 38 sun shaida abin amma ba wanda ya yi komai. Daga baya ta bayyana cewa an zuzuta labarin: waɗanda suka gani ba su kai haka ba, an samu wanda ya kira 'yan sanda, kuma wata maƙwabciyarta ta sauko ta rungume ta har motar asibiti ta iso. Duk da haka gwajin da wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Darley da Latané, suka yi a 1968 ya nuna wani abu na gaskiya, wato in jama'a suna da yawa kowa yakan jira wani ya fara.

Sai kuma a 2019 wasu masana suka zauna suka kalli bidiyon kyamarorin tsaro na rigingimu 219 a titunan Amsterdam da Lancaster da Cape Town. A cikin kowane goma, tara an samu aƙalla mutum ɗaya da ya shiga tsakani, kuma yawan jama'a ƙara yiwuwar samun mai taimako ya yi. Ka ga ku biyun kowa da gaskiyarsa. In ka ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, Nura, yawancinsu ba su motsa ba. In kuma kai ne mai buƙatar taimakon, kusan kullum wani yana zuwa.

Nura:
Na ji Malam, amma wancan faɗa ne a titi. Faɗa ko haɗari ai kowa gudu yake yi ya je, ko don ya ga me ya faru. Abin da nake nufi ba jini ba ihu. Tsohuwa ce a gaban layi tana lalube cikin jaka tana neman katinta, mutum 15 na bayanta. Wa zai yi haƙuri da ita? A nan ake gane halin mutane.

Malam Jamilu:
To ai nan ma akwai abin dubawa. A wani bincike da suka wallafa a 1973, Darley ɗin nan da wani masani mai suna Batson sun gwada ɗaliban wata makarantar horar da limaman coci a Princeton ta Amurka. Aka tura kowannensu wani gini ya je ya yi jawabi. Wasu aka ce musu sun makara ana jiransu, wasu aka ce akwai sauran lokaci. A kan hanya an ajiye wani mutum a durƙushe yana tari yana nishi. Cikin waɗanda ba sa sauri kashi 63 cikin ɗari suka taimaka masa, cikin masu sauri kashi 10 kacal. Wasunsu ma jawabin da za su yi a kan taimakon baƙon da aka tsinta a hanya ne, amma hakan bai sauya abin a zo a gani ba.

Wani masanin kuma, Robert Levine, ya auna manyan birane 23 da ƙananan abubuwa irin waɗanda kake magana a kai: mutum ya yar da biro, mai ciwon ƙafa ya zubar da mujallu, makaho yana son tsallaka titi. Rio de Janeiro ce ta zo ta ɗaya, Lilongwe ta Malawi ta uku, New York da Kuala Lumpur suka zo a ƙarshe. Yawan mutanen birni ba shi ya bambanta su ba. Ni abin da na ɗauka daga duka wannan shi ne, tausayi yana nan a zukatan mutane, gaggawa ce ke danne shi.

Zainab:
Sannunku. Ni kashiya ce a wani babban kanti, tsohuwar da Yaya Nura ya kwatanta kuwa kullum tana gabana. In layi ya fara gunaguni hannunta ke soma rawa, abin da za ta gama a minti ɗaya sai ya kai uku, wani lokaci ta ce a bar kayan ma ta fasa. Abin da ya fi taimaka mata shi ne mutumin da ke bayanta kai tsaye. In ya ce "Mama kada ki damu, bi a hankali, ba sauri muke ba" da ƙarfi yadda na baya za su ji, wallahi layin gaba ɗaya sai ya yi shiru. Ban san dalili ba, amma na gani ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba.

Na taɓa jin cewa a Holan kantunan Jumbo sun ware wani layin biyan kuɗi na musamman tun 2019, wanda ba a sauri a cikinsa, tsoho ya biya kuɗi ya tsaya ya yi hira da kashiya. Da ma a ce ko'ina haka ne. Akwai tsofaffin da na tabbata ni ce mutum ta farko da suka yi magana da ita tun safe.

Baba Malam:
Salamu alaikum 'ya'yana. Na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma tunda a kanmu ake magana, bari ɗaya daga cikinmu ya sa baki. Na wuce 70, da sanda nake tafiya, kuma a babban birni nake zaune.

'Yata Maman Ilham, mahaifinki ba sa'a yake yi ba. Ni ma ina samun abin da yake samu, kuma ina yi wa yaran nan addu'a ko ban san su ba. Amma akwai abubuwan da mu tsofaffi ba ma iya faɗa a lokacin, don kada mai alheri ya ji kunya.

Ku tambaya kafin ku taɓa mu. Sau da yawa ina tsaye a bakin titi sai in ji an cafki hannuna ta baya, kuma hannun da ke riƙe da sandar ne. Niyya mai kyau ce, amma da wannan hannun nake tsaye. In ka ɗauke shi ka ɗauke mini ƙafa ta uku, kuma tafiyarka ta fi tawa sauri, sai ya zama ja na kake yi. Ka zo ta gaba inda zan gan ka, ka ce Baba in taimaka? In na ce e, miƙo mini hannunka ni in riƙe, kada kai ka riƙe nawa. In na ce a'a na gode, kada ranka ya ɓaci. Wani lokaci in an ba ni kujera nakan ƙi, saboda tasha ta gaba zan sauka, kuma tashi daga kujera ya fi mini tsayuwa wahala. Sai in ga fuskar yaron ta canza, yana ganin na gwale shi a gaban mutane. Ba haka ba ne ɗana, ka riga ka samu ladanka, gobe ma ka tashi wa wani.

Sai maganar murya. Ba kowane mai furfura ne kurma ba. Wanda ma ba ya ji sosai, ihu ba ya taimakonsa, ka fuskance shi ka yi magana a hankali ya ga bakinka. Abin da ya fi ci mini rai kuwa shi ne in na je wani wuri da jikana, ni na yi tambaya amma shi ake ba amsa: "Ka gaya masa ya dawo jibi." Alhali ga ni tsaye, ni ne mai maganar.

Kun san wanda ya fi faranta mini rai a 'yan kwanakin nan? Wata yarinya ce da ta tsayar da ni a tasha ta tambaye ni hanya. Ga mutane birjik, amma ni ta zaɓa, ta ga alamar na san garin. Na kwatanta mata tiryan-tiryan, ta yi godiya ta tafi. Ranar da ƙarfina na koma gida. Mu ma muna son a buƙace mu.

Maman Ilham:
Allah ya ja kwana Baba, Allah ya ƙara girma. Maganar jika ɗin nan ta shige ni sosai.

Malam Habu Direba:
Baba Allah ya saka da alheri. Gobe zan karanta wa yaran da muke aiki tare.

Sista Maryam:
Baba ya gama magana. Ni ma'aikaciyar jinya ce, zan ƙara ɓangaren da ya shafi faɗuwa, don a nan alherin baƙo ke iya zama ceto ko ya zama illa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 684,000 ke mutuwa duk shekara sanadin faɗuwa, kuma waɗanda suka haura 60 ne suka fi yawa a ciki.

In tsoho ya faɗi a gabanku, don Allah kada ku yi rububin ɗaga shi. Mun sha karɓar wanda ƙugunsa ya karye, mutane huɗu suka ciccibe shi suka tsayar da shi a kan ƙafar da ta karye. Ka durƙusa kusa da shi, ka gaya masa kana nan, ka tambaye shi ina ke masa ciwo, ya bugu a kai ko a'a. In ka ga ƙafa ɗaya ta fi ɗayar gajarta ko ta juya waje, ko yana kukan wuya ko baya, a bar shi yadda yake, a lulluɓe shi, a kira motar asibiti. In ya bugu a kai kuma yana shan maganin tsinka jini, ko ya ce lafiyarsa ƙalau sai an duba shi, domin jini na iya taruwa a cikin kai a hankali. Wanda hankalinsa bai dawo sosai ba kada a ɗura masa ruwa, zai iya shaƙewa. In kuwa bai ji ciwo ba, a kawo kujera kusa, ya juya gefe, ya durƙusa, ya dafa ta ya tashi da kansa, kai kana tallafe kawai.

Ku kuma lura da baki da hannu da magana. In baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta sarƙe, alamar shanyewar ɓarin jiki ce. A duba agogo a riƙe lokacin da abin ya fara, don likita zai tambaya, kuma a garzaya. Kada ka ce "wani ya kira motar asibiti", ba wanda zai kira. Nuna mutum ɗaya ka ce kai mai jar riga, kira yanzu. Sannan a matsar da 'yan kallo, a gyara wa tsohuwa suturarta, a hana masu ɗaukar bidiyo. Da yawansu in sun farfaɗo kunyar taron ta fi damunsu fiye da ciwon.

Nura:
Sista na gode, na ƙaru. Amma akwai abin da ba a faɗa ba: tsoro. Mutum yana so ya taimaka amma yana tsoron a ce shi ya ture ta. A Nanjing ta ƙasar Sin a 2006 wani saurayi ya kai wata tsohuwa asibiti bayan ta faɗi a tashar bas, ta kai shi ƙara, kotu ta ce ya biya wani kaso na kuɗin magani, har da hujjar cewa da ba shi da hannu da bai yi wannan ɗawainiyar ba. Daga baya hukumomi sun ce ya amsa cewa sun yi karo, amma hujjar alƙalin ta riga ta tsorata mutane. Sai da aka kai ga yin doka a 2017 da ke kare wanda ya kai agajin gaggawa don radin kansa.

Ga kuma ɗaya ɓangaren. Ɓarayi ma da "Baba in taimaka?" suke zuwa. A gaban na'urar ATM za a karɓi katin tsoho a ga lambar sirrinsa a musanya masa da wani. To yaya tsoho zai bambance?

Baba Malam:
Ɗana, akwai alama. Mai taimakon gaskiya ba ya son katina ya shiga hannunsa. Zai nuna mini inda zan danna da yatsa, in an zo lambar sirri ya juya baya ko ya matsa. Wanda ya fi kowa shi ne mai cewa Baba zo in raka ka ciki wurin ma'aikata. Wanda kuma ke gaggawar karɓar katin yana cewa kawo in yi maka, nakan ce masa na gode. Ku masu niyyar alheri ku riƙa yin yadda ba za mu yi zarginku ba, ya fi mana sauƙi.

Anti Bilki:
Ina ta bin muhawarar nan. Duk misalan da ake kawowa na baƙon da za ka gani sau ɗaya ne. Akwai wani irin baƙo da ya fi muhimmanci a wurina: wanda ke ganinka kullum amma bai san sunanka ba. Mai gadin gini, mai shara, mai sayar da jarida a kwana, matar da tagarta ke kallon taka. Su ne ke lura in ba a gan ka ba.

A ginin da nake zaune akwai wata dattijuwa da ke zama ita kaɗai a hawa na sama. Gaisuwa kawai ke haɗa ta da mai sharar ginin. Wata safiya ya ga ba ta fito da kwandon shararta ba kamar yadda ta saba, ya ƙwanƙwasa shiru, ya kira mai kula da ginin aka buɗe. A banɗaki aka same ta, tun dare ta zame ta kasa tashi. Tana nan da ranta har yau. 'Ya'yanta suna ƙaunarta, suna kiranta a waya, amma ranar ba ranar kiransu ba ce.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A watan Yulin 1995 tsananin zafi ya kashe mutum sama da 700 a Shikago cikin kusan mako ɗaya, yawancinsu tsofaffi matalauta masu zama su kaɗai. Wani masanin zamantakewa, Eric Klinenberg, ya kwatanta unguwanni biyu da ke maƙwabtaka, North Lawndale da South Lawndale, dukansu na talakawa. In aka auna da yawan jama'ar kowacce, mace-macen ta farko sun ninka na ta biyu kusan sau goma. A ta farkon kantuna sun rufe, tituna sun zama kufai, tsofaffi suna tsoron fita, sai suka kulle kansu a ɗaki har zafi ya gama da su. A ta biyun titi cike yake da masu saye da sayarwa, tsoho yana da inda zai fita ya zauna, kuma akwai masu ganinsa. A Faransa ma zafin watan Agustan 2003 ya kashe kusan mutum 15,000, mafi yawansu tsofaffi, a lokacin da iyalai da yawa suka tafi hutu. Bayan nan ne aka wajabta wa ƙananan hukumominsu ajiye rajistar tsofaffi da naƙasassu masu son a riƙa tuntuɓarsu in zafi ya tsananta.

Nura:
To Anti kin zo inda nake so. Wannan duk yana nuna gazawa ce. Me ya sa dattijuwa za ta kwana a ƙasan banɗaki sai mai shara ne zai gano? Ina 'ya'yanta? Ina hukuma? Muna yabon baƙi don mu rufe kunyar waɗanda nauyin ke kansu.

Maman Ilham:
Nura, wannan maganar ta yi mini zafi, don ni ma ina cikin 'ya'yan da kake nufi. Ba yar da mahaifinmu muka yi ba. Mun roƙe shi ya dawo wurinmu har mun gaji, ya ce a'a. Abokansa suna can, likitansa yana can, ya san kowane lungu, kuma yana son ya riƙa fita ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Ko da a gidana yake, ba zan iya bin sa duk inda ya sa ƙafa ba sai dai in kulle shi. Duk tsohon da ke da 'yancin fita, a cikin baƙi zai yi yini. Ni ban ga yadda alherinsu ya rage nawa nauyin ba.

Nura:
Ki yi haƙuri Hajiya, ba ke nake nufi ba. Amma batun hukuma ina nan a kan bakana.

Malam Habu Direba:
A kan hukuma kam ina tare da kai. Ni in na jira tsoho ya zauna, lokacina ne ke tafiya, kuma akwai mai duba ko na iso a kan lokaci. In ana so direba ya yi haƙuri sai a sa haƙurin cikin jadawalin. Haka fitilar ba da hannu. Daga inda nake zaune ina ganin tsoho ya kai tsakiyar titi fitila ta canza, motoci sun fara hon.

Malam Jamilu:
Wannan an auna shi. A Birtaniya ana saita fitilar tsallaka titi ne bisa tafiyar mita 1.2 a sakan ɗaya. Wani bincike na 2012 a Ingila ya gano cewa cikin waɗanda suka kai 65 zuwa sama, kashi 76 na maza da kashi 85 na mata ba sa kai wannan saurin. Ka ga yaron da ke raka mahaifin Maman Ilham yana cike giɓin da injiniya ya bari ne. A Singafo tun 2009 suka fara sa wata na'ura a jikin sandar fitila, tsoho ya manna katinsa a ƙara masa lokacin tsallakawa har zuwa sakan 13. A Japan tun 1973 aka ware wa tsofaffi kujeru a jirgin ƙasa. A Landan kuma tun 2017 ana ba da bajo mai rubutun neman kujera ga wanda lalurarsa ba ta bayyana a ido, don ya huta da roƙo. Amma ka lura, kujerar da bajon duka ba sa aiki sai wanda ke zaune ya ɗaga kai ya tashi. Kuma abin ƙaruwa zai yi, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zuwa 2030 mutum ɗaya cikin kowane shida a duniya zai kasance ya kai 60 ko fiye.

Ummu Khalil:
Ni dai abin da nake tunawa duk lokacin da na ga ana taimaka wa tsoho hawa mota shi ne hadisin da Annabi (SAW) ya lissafa ɗora mutum a kan abin hawansa ko ɗora masa kayansa a cikin sadaka. Bai ce sai wanda ka sani ba. Allah ya ba mu ikon yi.

Zainab:
Amin Anti. Sista ina da tambaya. Kwanaki wani dattijo ya shigo kantinmu, tsaf da shi, amma ya kasa faɗin inda yake zaune, yana ta cewa zai je ɗauko yara daga makaranta. Manajanmu ya zaunar da shi ya kira 'yan sanda, daga baya 'yarsa ta zo tana kuka. In a titi na gamu da irinsa ni kaɗai, me ya kamata in yi?

Sista Maryam:
Manajanku ya yi daidai. Wannan alamar cutar mantuwa ce, wadda wasu ke kira gigin tsufa, ko da yake zazzaɓi ko saukar sukari ma na iya rikita tsoho farat ɗaya. Ki zo masa ta gaba, ki yi magana a natse, tambaya ɗaya a lokaci ɗaya. Kada ki yi masa gardama ki ce ai yaranka sun girma, tsorata zai yi ya ƙara gaba. Ki ce to Baba mu zauna tukuna mu huta. Ki raba shi da bakin titi, ki shigar da shi wurin da akwai mutane, kanti ko kemis ko ofis, kada ki sa shi a mota ki ce za ki nemo gidansu. Ki tambaye shi ko yana da waya ko wata takarda a aljihu, shi ya ciro da hannunsa. In ba a samu kowa ba a kira 'yan sanda, ki tsaya har su zo.

A Japan tun 2005 suke koya wa talakawan gari wannan, darasin kamar awa ɗaya da rabi, a da har akan ba wanda ya yi abin hannu ruwan lemo. Waɗanda suka yi sun haura miliyan 10, har da ma'aikatan banki da 'yan makaranta. Masu tsofaffi irin haka a gida kuma, ku sa musu takarda a aljihu ko ku ɗinka a cikin riga.

Nura:
Sista takardar nan ba haɗari? In ta faɗa hannun mugu ya san gidan da tsoho mai mantuwa yake.

Sista Maryam:
Kada a rubuta adireshi. Sunansa na farko da lambar waya biyu na 'ya'yansa, sai ciwon da yake da shi in akwai, kamar sukari ko hawan jini. Kuma lambobin su zama na waɗanda ke ɗaga waya ko ba su san mai kira ba.